Teburin wasan taɓe-taɓe na ƙananan yara: katakon ya yi, kayan cikin kwalin sai an tace

Idan ana tambaya ko teburin nan ya cancanci a ba shi wuri a ɗaki, amsata e ce, babu wani ja-in-ja. Idan kuwa ana tambaya ko za a buɗe kwalinsa a miƙa wa yaron da bai kai shekara uku ba duk abin da ke ciki, to a'a. Wannan a'ar ce ma ta zaunar da ni rubutun nan, don kada wata uwa ta ga hoton da ke jikin kwalin ta saki jiki.

Teburin katako ne gajere, tsayinsa bai cika rabin mita ba. An fafe samansa gida biyu, kowane gida an zura masa farar roba wadda zurfinta bai kai taƙi ba, kowace roba kuma da murfinta. In an rufe murafen ya zama teburin zane ko na jera kaya, in an ɗage su ya zama wurin zuba ruwa ko yashi ko duk abin da ake so yaro ya cusa hannu a ciki. Wanda ya san teburin FLISAT na kamfanin IKEA, wanda ake zura wa robobin TROFAST, ya riga ya san fasalin. Tsayin wancan santimita 48 ne, nawa ma kusan haka. Sai dai nawa ba na IKEA ba ne. Wani kamfani ne ya bi salon, ya kuma ƙara da jakar kayan wasa don jan hankalin mai saye: ludayi biyu na roba, kofuna masu shiga cikin juna, mazurari, 'yar rariya, hantsakin roba, shinkafa da aka rina kala-kala, ƙananan tuntaye masu laushi, 'yan dabbobin roba, da ƙunshi guda na ƙwallayen nan da ke kumbura in sun sha ruwa.

Autata tana da shekara ɗaya da wata takwas lokacin da teburin ya shigo gidan, yayanta kuma shekara biyar. Abin da ya sa na neme shi ba wani boyayyen abu ba ne ga duk mai yaro a wannan shekarun. Ta shiga lokacin juye-juye. Kofin ruwa in ya shiga hannunta sai ta tuntsurar ta tsaya tana kallon inda ruwan zai bi, durowa in ta buɗe sai ta ga ƙasanta. Ba ɓarna take nufi ba, aikin da ke gabanta ke nan, kuma hanawa ba ta kashe sha'awar, sai dai ta sauya mata wuri. Ga ranakun da fita ba ta yiwuwa, ko don ruwan sama ko sanyi ko zafi ko mura. A irin ranakun nan hanya mafi sauƙi ita ce a miƙa wa yaro waya, ni kuma ban so hakan ya zama ɗabi'ar gidan ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2019 kan yara 'yan ƙasa da shekara biyar, ta ce ɗan shekara ɗaya bai kamata a zaunar da shi gaban waya ko talabijin ba, ɗan shekara biyu kada ya wuce awa ɗaya a yini, sannan masu shekara ɗaya zuwa biyu su samu aƙalla minti 180 na motsa jiki kowace rana. Minti 180 a cikin ɗaki ba wasa ba ne, dole uwa ta nemi abin da zai tsayar da yaro a kan ƙafafunsa.

A nan ne teburin ya ci kuɗinsa. Tsayinsa ya zo mata daidai cibiya, don haka a tsaye take wasan. Tana zagaya shi, tana miƙa hannu zuwa robar can gefe, abu ya faɗi ta tsuguna ta ɗauka ta miƙe, ta cika kofi ta riƙe da hannu biyu ta taka a hankali zuwa ɗaya ɓangaren. Lokacin da nake ajiye mata kwano a ƙasa, ƙarshen wasan kullum ɗaya ne: ta shige ciki ta zauna, ko ta kife shi. Da robar ta koma cikin katako, ta daina zama abin ɗauka ta zama wurin aiki. Wannan dabarar ba sabuwa ba ce. Likitar nan 'yar Italiya, Maria Montessori, da ta buɗe gidan yaranta na farko a unguwar San Lorenzo a birnin Roma a 1907, cikin abubuwan da ta sauya akwai tebura da kujeru, ta sa aka yi su daidai jikin yara, kuma zuba abu daga wannan mazubi zuwa wancan yana cikin ayyukan da makarantun da ke bin tsarinta suke ba ƙananan yara har yau. Na fahimci dalilin da idona. Yaro in kayan aiki sun yi daidai da shi, ba ya buƙatar a riƙa ce masa yi kaza.

Daga duk abin da na zuba a robobin nan, babu wanda ya kai ruwa. Ruwa zalla, kaɗan, wanda bai wuce ya rufe yatsunta ba. In sa mata mazurari da kofi da soso guda, shi ke nan. Da farko duka take yi da tafin hannu, ruwa ya fantsama ta yi dariya. Daga baya ta gano soso. Ta tsoma shi a robar dama, ta ɗaga yana ɗiga, ta kai robar hagu ta matse da iya ƙarfinta har kafaɗunta suna rawa, ta koma. Haka za ta yi ta yi har ruwan dama ya koma hagu. Mazurarin kuwa ya daɗe yana ɗaure mata kai. Ta zuba ta sama, ta leƙa ciki ta ga babu, ta duba ƙasa. Ranar da ta fara sa yatsa ta toshe bakinsa sannan ta saki, na san wani abu ya zauna mata a kai wanda ba ni na koya mata ba. Masanin nan ɗan Suwizalan, Jean Piaget, ya ware shekaru biyun farko na rayuwa a matsayin lokacin da yaro ke koyon duniya ta hanyar taɓawa da gani da ji da motsi, yana maimaita abu yana ɗan sauya shi don ya ga me zai faru. Abin da ke faruwa a bakin mazurarin nan ke nan.

Robobi biyu suna da wani amfani da ban yi tsammani ba, wato bambanci. Ɗaya ruwa mai ɗumi-ɗumi, ɗaya mai sanyi. Sai ta sa hannun dama a nan, na hagu a can, ta ɗago ta dube ni. A wurin ne kalmomin "sanyi" da "ɗumi" suka shiga bakinta, domin ina faɗa ne daidai lokacin da fatarta take ji. Ƙanƙara ma haka, amma ba 'yan ƙananan da ake sa wa abin sha ba, waɗannan suna iya wucewa maƙogwaro. Nakan daskarar da ruwa a babban kofi, in fito da dunƙule guda wanda ya fi ƙarfin bakinta, ta yi ta turawa yana sulɓewa, in ya narke ya ƙanƙance in ɗauke. Abu ɗaya da ba na wasa da shi: muddin akwai ruwa a roba, ina zaune inda hannuna zai kai gare ta. Ƙaramin yaro yana iya nutsewa a ruwan da zurfinsa bai wuce santimita 5 ba, kuma abin yana faruwa ne shiru, babu ihu. In an ƙwanƙwasa ƙofa, ko in ɗauke ta mu tafi tare, ko in zubar da ruwan tukuna. Murfi ba ya maye gurbin wannan, don ta iya ɗaga shi.

Na biyu a wurina shi ne kwaɓin sitacin masara. Kofi biyu na sitaci, kofi ɗaya na ruwa, a juya da hannu. In ya yi tauri a ɗiga ruwa, in ya yi ruwa a ƙara gari, ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Abin mamakin kwaɓin nan shi ne, in ka danna shi da ƙarfi sai ya ƙame ya ƙi shiga, in ka sassauta sai ya malale ta tsakanin yatsu. Dalili kuwa sitacin ba narkewa yake yi ba, ƙwayoyinsa suna yawo ne a cikin ruwan. Matsi na gaggawa yana cushe su wuri ɗaya su riƙe juna, in an bi a hankali kuma sai su samu damar zamewa. Yarinyar ba ta san wannan ba, amma hannunta ya sani. Ta dunƙula, ta buɗe tafi, ta ga dunƙulen ya narke, ta sake. Yayanta ma yakan bar abin da yake yi ya zo, ya ce, "Umma, ki ƙara mana gari." Nakan kwaɓa shi kafin in kira ta, don busasshen garin yana tashi kuma ba na so ta shaƙa. Ta taɓa kai shi baki, ta ji babu ɗanɗano, ta yamutsa fuska ta tofar, ba ta ƙara ba. Gyaransa ma ba wahala: a bar abin da ya zube ya bushe, ya koma gari, a share. Kada dai a juye ragowar a magudanar wanke-wanke, yana toshe bututu. A kwashe a leda a kai shara.

Yanzu ga inda raina ya ɓaci. A gaban kwalin an sa hoton yaro ƙarami sosai, wanda ko ni da ke kallo na san bai fi shekara ɗaya da rabi ba, yana wasa da shinkafa da tuntaye. A can ƙasa ta baya, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta cewa kayan ba su dace da 'yan ƙasa da shekara uku ba. Hoto yana cewa saya, rubutu yana kare kamfani. Wannan ba daidai ba ne, domin mafi yawan masu saye hoton suke gani. Iyakar shekara ukun nan ba don yaro bai yi wayon wasa da abin ba ne aka sa ta, don maƙogwaro ne. A dokar Amurka da kuma ƙa'idar kayan wasa ta Turai akwai wani ɗan bututun gwaji, faɗin bakinsa milimita 31.7, ƙasansa a karkace, zurfinsa daga milimita 25.4 zuwa 57.1. Duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya, an ɗauke shi a matsayin abin da zai iya maƙale wa ƙaramin yaro. A gida ana iya gwadawa da kwalin tsakiyar takardar bayi; ya ɗan fi bututun faɗi, don haka abin da ya ƙi shigarsa an samu ƙarin kwanciyar hankali. Tuntayen duka sun wuce ta ciki, 'yan dabbobin ma mafi yawansu sun wuce. Na tattara su na ɗora can sama.

Ƙwallayen ruwan kuwa ko buɗe ƙunshinsu ban yi ba, kuma ina roƙon duk wadda ta same su a irin wannan kwali, in akwai ƙaramin yaro a gidan, kada ta buɗe. A bushe ƙanana ne ƙwarai, wasu ba su fi kan allura ba. An yi su da wani sinadari mai zuƙar ruwa, suna iya ninka girmansu har sau ɗari. In yaro ya haɗiye busasshe, ko wanda bai gama kumbura ba, zai ci gaba da kumbura a cikinsa har ya toshe hanji, kuma sau da yawa hoton eksire ba ya nuna shi, sai likita ya sha wahala kafin ya gano abin da ke damun yaron. Wasu yaran hanci ko kunne suke cusawa. Hukumar kula da ingancin kayan masarufi ta Amurka, CPSC, ta ƙiyasta cewa daga 2018 zuwa 2022 an kai kusan mutum 7,000 sashen gaggawa na asibitoci saboda haɗiyar ƙwallayen nan. A 2023 wata jaririya 'yar wata goma ta rasu bayan ta haɗiye su, a watan Satumba na shekarar aka janye kusan kwali 52,000 na wani samfuri daga kasuwa, a Disamba kuma manyan kamfanonin sayar da kaya na Amurka, Amazon da Walmart da Target, suka sanar cewa za su daina sayar da waɗanda ake tallatawa don yara. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, ba sai an ba ƙaramin ba. A saya wa babba, ya yi wasansa a tebur, guda ɗaya ta yi tsalle ta gangara ƙarƙashin kujera, ta bushe ta koma 'yar mitsitsiya, bayan an manta mai rarrafe ya tsince ta. Shi ya sa yayanta ma ban ba shi ba. Na ɗaure ƙunshin a leda na kai shara. Wanda ya yi zargin ɗansa ya haɗiya, ko ya ga amai da kumburin ciki da ƙin cin abinci a gidan da ƙwallayen nan suka taɓa shiga, ya nufi asibiti nan take, kuma ya faɗa wa likita cewa akwai su a gidan.

Shinkafar mai kala tana da kyau a ido, ƙarar zubarta a roba ma tana da daɗin ji, amma na ajiye wa yayanta, yana yi lokacin da take barci. Ita har yanzu hannu in ya cika baki yake nufa, ɗanyar shinkafa kuma ba abin ci ba ce, balle wadda aka rina. Haka kayan kicin da ake yawan ba da shawara a zuba wa yara, ba duka ne na yarda da su ba. Ɗanyar fulawa tana iya ɗaukar ƙwayoyin cuta. A 2016 an samu ɓarkewar cutar E. coli a Amurka wadda aka gano daga fulawa ta fito. Ɗanyen jan wake yana da guba da sai dafuwa take kashewa, ga shi daidai girman ƙofar hanci. Kwaɓin wasa da ake yi a gida da fulawa da gishiri, gishirinsa yana da yawa ƙwarai, kuma jikin ƙaramin yaro ba ya ɗaukar gishiri mai yawa. Dafaffiyar taliya ba laifi, amma ta yini ɗaya ce, in an gama a zubar, kada a ce za a ajiye zuwa gobe.

Cikin na kanti, biyu sun shiga robobin nan. Play-Doh, wato kwaɓin wasa mai laushi, an rubuta masa shekara biyu zuwa sama, kuma kamfanin Hasbro da kansa yana sanar da cewa akwai alkama a ciki, don haka mai yaron da jikinsa ba ya karɓar alkama ya kula. (Asalinsa ma ba abin wasa ba ne, kwaɓin goge takardar bango ne da ake yi a birnin Cincinnati, sai a 1956 aka fara sayar da shi don yara.) Da ta cika biyu na fara ba ta, ina zaune kusa, tana danna masa bakin kofi tana cire da'ira. Kinetic Sand kuma, wanda kashi 98 cikin ɗari yashi ne, sauran kashi 2 wani sinadari ne da ke sa ƙwayoyin su manne da juna, an rubuta masa shekara uku. Na yayanta ne, kuma murfin robar yana rufe shi tsaf in ya gama.

Hantsakin robar bai yi mata amfani ba tukuna. Yatsunta ba su kai ƙarfin matse shi ba, ta gwada ta jefar. Ludayi da kofunan kuwa kullum suna hannu, kuma robarsu mai kauri ce, ta sha cizo ba ta fashe ba.

Ba kowane abu take yarda ta taɓa ba, kuma ina so in tsaya a nan kaɗan domin na ga iyaye suna damuwa da wannan. Dafaffiyar taliya mai sanyi, da ta ɗora yatsa ɗaya sai ta janye, ta goge a riga, ta ja da baya. Ban kama hannunta na tsoma ba. Na miƙa mata ludayi, na ci gaba da wasa da nawa hannun ina ɗagawa ina saki. Ta daɗe tana taɓawa da ludayi kawai kafin wata rana ta ɗauki zare ɗaya da yatsu biyu. Yaron da aka tilasta wa taɓa abin da jikinsa ya ƙi, teburin gaba ɗaya zai tsana. A jikin kwalin an jera alƙawura, wai yana gina ƙwaƙwalwa, yana saurin buɗe baki, yana kwantar da yaro mai rigima. Irin wannan magana tana jingina ne da aikin wata ƙwararriya 'yar Amurka, A. Jean Ayres, wadda ta yi nazarin yadda ƙwaƙwalwa ke haɗa saƙonnin da jiki ke aiko mata, har da biyun da ba a cika lissafawa ba: daidaiton tsayuwa da ke cikin kunne, da sanin inda hannu da ƙafa suke wanda ke zuwa daga tsoka da gaɓɓai. Ɗaukar kofi cike da matsar soso suna aiki da waɗannan, wannan gaskiya ne. Amma ko maganin da ƙwararru ke yi bisa tsarinta, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce a 2012 binciken da ke nuna tasirinsa kaɗan ne kuma bai yanke hukunci ba. To ina ga tebur da roba biyu? Wasa ne mai kyau, ba magani ba ne. Uwar da ta ga ɗanta ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ko magana ta yi jinkiri, ko taɓawa da ƙara suna firgita shi fiye da kima, likita za ta nufa, ba kanti ba.

Ta fuskar ƙira, katakon yana da nauyi daidai, ta jingina da shi da duk jikinta bai tuntsure ba, kusurwoyinsa kuma an goge su babu kaifi. Haɗa shi bai ba babansu wuya ba. Sai dai sukurorin ƙafafun suna kwancewa a hankali saboda jijjiga, sai an riƙa bi ana ɗaurewa. Katakon ba a shafe shi da abin hana ruwa yadda ya kamata ba, bakin ramukan ya fara tashi inda ruwa ke kwanciya, abin da bai dace da teburin da aka ce na wasan ruwa ne ba. Yanzu da an gama nake cire robobin in goge bakin da busasshen tsumma, in bar shi a buɗe ya sha iska, in ba haka ba fumfuna za ta kama ƙarƙashin leɓen robar. Murafen sirara ne. Sun isa zane da jera kofuna, ba su isa ɗaukar yaro ba, kuma duk yaron da ya ga tebur daidai tsayinsa sai ya gwada hawa. Robobin ba su da abin kulle su a jikin katako, in ruwan kaɗan ne tana iya cusa yatsu ta ɗago gefe ɗaya. Ƙasa kuwa dole ta jiƙe, babu teburin da zai hana wannan. Tsohon tawul babba a ƙarƙashi ya fi leda, don leda in ta jiƙe santsi take yi.

Akwai ranakun da ba na son jiƙa ko shara, kuma a ranakun ne na fi jin daɗin wata dabara ta malamar renon yara 'yar Ingila, Elinor Goldschmied. Ita ta fito da tsarin cika kwando da kayan gida na yau da kullum, na katako da ƙarfe da yadi da fata, ba kayan wasan roba ba, a ajiye wa jaririn da ya iya zama, babba ya zauna kusa ya yi shiru yana kallo. Ga 'yan shekara ɗaya zuwa biyu kuma ta ba da shawarar a ba su tarin kaya da mazubai su yi ta cikawa da juyewa da jerawa. Nakan zuba cokulan katako, murafen kwalba manya, buroshi mai laushi, zoben labule, ƙyallen ulu da na siliki da tawul, da gwangwani marar kaifi. Ƙarfe yana da sanyi, katako ba shi da shi. Murfi in ya faɗa gwangwani yana ƙara, ƙyalle ba ya yi. Kayan wasan roba duk kusan nauyinsu ɗaya, ɗuminsu ɗaya, shi ya sa waɗannan suke riƙe ta fiye da 'yan dabbobin da suka zo a kwali. Mafi wuya a wurina shi ne yin shirun. Baki yana so ya ce ga yadda ake yi, amma na lura duk lokacin da na sa baki wasan yakan gajarce. Takarda ma tana aiki, a ba ta ta yayyaga ta cika roba. Abin da ba ya shiga ko kusa shi ne duk wani mai ƙaramin batir ko maganaɗisu.

Wanda ɗakinsa ya matse, ko bai ga dalilin ƙara kaya ba, babbar roba mai faɗi a kan tawul za ta yi masa mafi yawan abin da na lissafa. Abin da zai rasa shi ne tsayuwar, da robobi biyu gefe da gefe, da murfin da ke ba uwa damar cewa an tashi ba tare da ta kwashe komai ba. A wurina waɗannan ukun sun isa dalili, musamman da yake yara biyu ne masu tazara, kowa da robarsa. Wanda zai saya, ya nemi teburin da ake sayarwa shi kaɗai ba tare da jakar kayan wasa ba in akwai, don ludayi da kofi da soso suna kowane gida. Ya duba ko an shafe katakon da abin hana ruwa har cikin bakin ramukan, ya danna tsakiyar murfin da tafin hannu ya ga ko yana lanƙwasa, ya tabbata girman robobin irin wanda ake samun madadinsa ne in sun fashe. In kuwa da jakar ya zo, ya juya kwalin ya karanta ƙananan baƙaƙen da ke baya, sannan ya buɗe jakar shi kaɗai, lokacin da yaron ba ya ɗakin.